Me ya sa Milwaukee ta sallami Lillard tana biyansa, ta kuma riƙe Giannis?

Tambaya: Na ga labarin cewa Milwaukee Bucks, ƙungiyar ƙwallon kwando ta gasar NBA ta Amurka, ta sallami Damian Lillard a watan Yulin 2025, amma za ta ci gaba da biyansa har shekara biyar. Wane irin lissafi ne wannan? Kuma tunda shekara uku a jere ana fitar da su tun a zagayen farko na wasannin fitar da gwani, me zai hana su sayar da Giannis Antetokounmpo su karɓi kuɗi su sake gina ƙungiya?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyin naka biyu ne a baki, amma tushensu ɗaya. Zan amsa ne bisa yadda abubuwa suke a hutun 2025, kafin a fara kakar 2025-26. Milwaukee ta riga ta miƙa wa wasu ƙungiyoyi ikonta kan zaɓen sababbin 'yan wasa har zuwa 2030. Saboda haka ko ta faɗi warwas, wasu ne za su ci moriyar faɗuwar. Wanda faɗuwa ba za ta amfane shi da komai ba kuwa, dole ya nemi nasara da ɗan abin da ya rage a hannunsa, komai tsadarsa. Sallamar Lillard daga nan ta fito, riƙe Giannis ma daga nan.

Kafin mu shiga ciki, sai ka ajiye tunanin ƙwallon ƙafar Turai a gefe, don shi ne ke rikita yawancinmu. A NBA ba a sayar da ɗan wasa. Babu ƙungiyar da za ta ajiye wa Milwaukee dala miliyan 200 ta ce ga kuɗin Giannis. Musaya ake yi: kwantiragi da kwantiragi, kuma ga ƙungiyoyin da albashinsu ya wuce iyaka, dole abin da ya fita da abin da ya shigo su yi kusa da juna. Tsabar kuɗin da aka yarda a haɗa a cikin ciniki kaɗan ne ƙwarai. Sannan babu faɗawa gasar ƙasa. Ƙungiyoyi 30 ne, su ne dai kowace shekara, kuma wanda ya ƙare a ƙasan teburi lada ake ba shi: a zaɓen matasan 'yan wasa da ake yi duk watan Yuni, bisa tsarin 2025, ƙungiyoyi 14 da ba su kai wasannin fitar da gwani ba su ke shiga ƙuri'ar gurabun farko, uku mafi rauni kowacce da damar kashi 14 cikin ɗari ta samun gurbi na ɗaya. Wannan gurbin zaɓe shi ne kuɗin gaske a kasuwar NBA. Da shi ake sayen taurari, da shi ake sake gini.

Sai dokar albashi. A kakar 2025-26 iyakar albashin ƙungiya dala miliyan 154.6 ce. Ana iya wuce ta, musamman wajen sabunta kwantiragin ɗan wasan da ke gida, amma da zarar ka wuce ba ka da ikon ɗauko babban ɗan wasa daga waje sai ta wasu 'yan ƙofofi, mafi faɗinsu ba ta wuce albashin miliyan 14.1 a shekarar farko ba. Idan ka haura miliyan 187.9 sai ka fara biyan haraji. Yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara shinge biyu a sama, ɗaya a miliyan 195.9, ɗaya a 207.8. Wanda ya tsallake na biyun an ɗaure shi tamau: ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya da guda mai tsada ba, ba zai sa tsabar kuɗi a ciniki ba, har gurbin zaɓensa na shekara ta bakwai mai zuwa ana iya kulle masa. Wannan shingen ne ya sa Boston, wadda ta ɗauki kofi a 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis a hutun 2025. Shi ne kuma ya taimaka wajen sa Milwaukee ta tura Khris Middleton zuwa Washington a Fabrairun 2025 ta karɓo Kyle Kuzma, bayan shekaru fiye da goma yana gefen Giannis.

To, yaya aka yi Milwaukee ta rasa gurabunta? Sau biyu ta jinginar da gonar, duka kuma don a kwantar wa Giannis da hankali.

Na farko a Nuwamban 2020. Giannis ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa sau biyu a jere, 2019 da 2020, amma ƙungiyar ta kasa kaiwa wasan ƙarshe, kwantiraginsa kuma ya kusa ƙarewa. Shugaban harkokin 'yan wasa, Jon Horst, ya ɗauko Jrue Holiday daga New Orleans. Ya ba da Eric Bledsoe da George Hill, da gurabun zagayen farko na zaɓen matasa guda uku ciki har da na 2025 da na 2027, da haƙƙin musayar gurbi a 2024 da 2026. Haƙƙin musaya yana nufin ɗayar ƙungiyar za ta duba gurbinta da naka, ta ɗauki wanda ya fi kyau ta bar maka ɗayan. Bayan 'yan makonni Giannis ya sa hannu kan kwantiragin shekara biyar na kusan miliyan 228. A Yulin 2021 suka doke Phoenix, Giannis ya ci maki 50 a wasa na shida, Milwaukee ta ɗauki kofinta na farko tun 1971. Wannan ciniki ba ni da ta cewa a kansa. Duk abin da aka biya, kofi ya shigo gida, kuma don shi ake yin komai.

Na biyun shi ne wanda ya kawo mu nan. A 2023 Milwaukee ta ƙare a saman kowa, sai Miami ta yi waje da ita a zagayen farko. Aka sallami koci Mike Budenholzer, Giannis kuma ya fara faɗa a fili cewa sai ya ga alamar ana neman kofi da gaske kafin ya sabunta. A Satumba Horst ya kawo Lillard daga Portland. Holiday ya tafi, Grayson Allen ya tafi Phoenix, gurbin 2029 ya tafi Portland ba tare da wani sharaɗi ba, tare da haƙƙin musaya a 2028 da 2030. A Oktoba Giannis ya ƙara shekara uku. Ka lura da yadda aka jera shekarun, ɗaya a bayar ɗaya a yi musaya. Ba zaɓin Horst ba ne, doka ce: ba a yarda ƙungiya ta rabu da gurabun zagayen farko na shekara biyu masu zuwa a jere ba. An kafa ta ne bayan ɓarnar da Ted Stepien ya yi wa Cleveland a farkon shekarun 1980, har ana kiranta da sunansa. Haƙƙin musaya shi ne hanyar da ƙungiyoyi suka gano ta zagaye dokar.

A takarda haɗin Giannis da Lillard abin tsoro ne, mai jifa daga nesa da mai kutsawa ƙarƙashin kwando. A fili kuwa abin da aka samu a gaba an rasa shi a baya. Holiday shi ne ke tare mai riƙe ƙwallon abokan karawa tun daga tsakiyar fili, da ya tafi sai ƙofar ta buɗe. Portland ta wuce da shi Boston, a can ya ɗauki kofi a wannan kakar. Milwaukee ta sallami sabon koci Adrian Griffin a Janairun 2024 alhali ya ci wasa 30 an ci shi 13, ta kawo Doc Rivers. Giannis bai buga zagayen farko na 2024 ba saboda rauni, Indiana ta fitar da su. A Disambar 2024 sun ɗauki kofin tsakiyar kaka a Las Vegas, amma a Maris 2025 aka gano gudan jini a jijiyar sha-raɓar Lillard. Ya yi ƙoƙari ya dawo da wuri, sai a wasa na huɗu da Indiana, ranar 27 ga Afrilu, agararsa ta hagu ta tsinke. Indiana ta sake fitar da su, huɗu da ɗaya.

Yanzu ka sa kanka a kujerar Horst a ƙarshen watan Yunin 2025. Giannis yana da shekara 30, ya gama kaka da matsakaicin maki 30.4 a kowane wasa, ya zo na uku a zaɓen gwarzon shekara. Albashinsa na kaka mai zuwa miliyan 54.1. Lillard zai cika 35 a watan Yuli, albashinsa shi ma miliyan 54.1, kuma ba a sa ran zai taka fili a kakar gaba ɗaya. Mutum biyu sun cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na iyakar albashi, ɗaya yana kwance. Brook Lopez, dogon da ke tsare kwando tun 2018, ya kai 37, gudun Indiana ya fi ƙarfinsa har Rivers ya rage masa mintuna, kwantiraginsa kuma ya ƙare. Babu wanda zai karɓi kwantiragin Lillard sai an haɗa masa da gurabun zaɓe, gurbin zagayen farko da ya rage da za a iya bayarwa kuwa ɗaya ne tak, na 2031 ko na 2032. Gaba kura, baya sayaki.

Nan ne aka ɗauko wata doka da yawanci kan ƙananan kwantiragi ake amfani da ita. A NBA kusan duk manyan kwantiragi lamuni ne cikakke, ko ka sallami mutum sai ka biya shi, kuma kuɗin zai ci gaba da zama a lissafin albashinka. Amma an yarda ka shimfiɗa shi: ka ninka shekarun da suka rage sau biyu, ka ƙara ɗaya. Lillard yana da shekara biyu da kusan miliyan 113. Biyu sau biyu huɗu, da ɗaya biyar. Sai ya koma kimanin miliyan 22.5 duk shekara har kakar 2029-30. Akwai sharaɗi: kuɗin da aka shimfiɗa ba zai wuce kashi 15 cikin ɗari na iyakar albashi ba, wato kusan miliyan 23.2 a kakar 2025-26. Da ƙyar suka shige. Ba a taɓa shimfiɗa kuɗi mai yawan wannan ba a tarihin gasar. Phoenix ta bi sahu a cikin watan da Bradley Beal.

Abin da aka samu a nan take shi ne sararin sama da miliyan 31 a lissafin kakar 2025-26. Da aka haɗa da tura Pat Connaughton zuwa Charlotte da barin Lopez ya tafi Clippers, Milwaukee ta sauko ƙasan iyaka, ta sami ikon ɗauko mutum daga waje. Wanda ta ɗauko shi ne Myles Turner, kan kwantiragin shekara huɗu na kusan miliyan 107.

Me ya sa Turner, har a yi masa wannan sadaukarwa? Saboda irin wasan Giannis yana buƙatar dogo na musamman. Ƙarfin Giannis a kusa da kwando yake, jifansa na nesa bai taɓa zama abin dogaro ba. Idan dogon da ke gefensa shi ma a ƙarƙashin kwando yake zama, sai masu tsaro su cunkushe wurin. Ana son wanda zai tsaya can bayan layin maki uku ya jawo dogon abokan karawa waje, sannan idan aka juyo tsaro ya koma ya tare ƙwallo a bakin kwando. Masu iya haɗa waɗannan biyun ba su da yawa. Lopez ya yi wannan aiki shekara bakwai. Turner ya fi shi gudu, Lopez kuma ya girme shi da shekara takwas a haihuwa. Turner ya yi kaka goma a Indiana, ya jagoranci gasar a tare ƙwallo a 2019 da 2021, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na jifansa na maki uku sun shiga a kakar 2024-25. Ƙari a kan haka, an zare shi ne daga ƙungiyar da ta fitar da su sau biyu.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda a ganina shi ya fi tura su. Jayson Tatum na Boston ya tsinke agara a watan Mayun 2025. Tyrese Haliburton na Indiana ya tsinke tasa a wasa na bakwai na ƙarshe ranar 22 ga Yuni. Manyan ƙungiyoyi biyu na ɓangaren gabas sun rasa jagororinsu na kusan kaka guda. Irin wannan ƙofa ba ta buɗewa kullum, kuma ɗan wasan da ƙarfin jiki ne jarinsa, shekara ɗaya a bayan 30 ba abin zubarwa ba ce.

Duk da haka kada a ruɗe ka, farashin yana da nauyi, kuma ni nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Miliyan 22.5 ɗin nan ba a musanya ta, ba a rage ta, ba ta jifa ba ta tsaro. Idan ka haɗa ta da albashin Turner, kujerar dogon nan tana cin kusan miliyan 48 a kakar 2025-26, kuɗin babban tauraro, alhali Turner ɗan wasa ne mai kyau amma ba tauraro ba, ba a taɓa zaɓensa wasan taurari ba. Sannan ba ya magance babbar matsalar, wato wanda zai riƙe ƙwallo ya ƙirƙiri maki idan aka taru a kan Giannis. An bar wannan ga Kevin Porter Jr. da Ryan Rollins da Gary Trent Jr., masu ƙoƙari ne, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar nauyin ƙungiya mai neman kofi a cikinsu. Akwai wata hanya da aka bari: a haƙura da shekara ɗaya, a riƙe kwantiragin Lillard, a hutun 2026 ya zama saura shekara guda, lokacin da irin wannan kwantiragi ke zama abin ciniki ga ƙungiyar da ke son sauke nauyi, a 2027 kuma littafi ya wanke tas. Masu kare matakin suna cewa iyakar albashi za ta ci gaba da hawa saboda sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da Disney da NBC da Amazon, don haka nauyin zai ragu. Gaskiya ne, iyakar ta hau da kashi 10 cikin ɗari a 2025, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarda. Amma albashin kowa ma yana hawa tare da ita, kuma abokan hamayyarka suna da wannan miliyan 22.5 a hannu, kai ba ka da ita.

Shi Lillard bai yi asara ba. Ya koma Portland kan shekara uku da miliyan 42, kusa da 'ya'yansa, yana jinya yana karɓar kuɗin Milwaukee. Boston kuma ta mayar da Holiday Portland ɗin. Ka ga a hutun 2025 ƙungiya ɗaya ta tashi da mutanen biyu, da gurbin Milwaukee na 2029, da musayar 2028 da 2030.

Sai batun rabuwa da Giannis. Masu wannan ra'ayi Oklahoma City suke nunawa, kuma suna da hujja. A 2019 ta ba Clippers Paul George, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da gurabun zagayen farko biyar da musaya biyu, a 2025 ta ɗauki kofi. Amma abin da ake mantawa shi ne Oklahoma tana riƙe da nata gurabun lokacin da ta sauka ƙasa. Da faɗuwarta ta samu Chet Holmgren a gurbi na biyu a 2022. Milwaukee ba ta da wannan. Idan ta ba da Giannis ga ƙungiya mai ƙarfi, gurabun da za ta karɓa na ƙarshen layi ne, don duk inda Giannis ya je nasara za a yi. Nata kuma, waɗanda za su yi daraja saboda ta faɗi, suna hannun wasu. Brooklyn ta ɗanɗana wannan bayan cinikin Kevin Garnett da Paul Pierce a 2013: ta yi shekaru a ƙasan teburi, Boston tana kwasar gurabunta, daga ciki aka samu Jaylen Brown da Tatum. Shi ya sa a Yunin 2024, ranar da Brooklyn ɗin ta amince ta tura Mikal Bridges zuwa New York Knicks, ta yi wani ciniki daban da Houston don ta karɓo ikon gurabunta na 2025 da 2026. Ta koyi darasi. Duk cinikin Giannis da bai dawo wa Milwaukee da gurabunta ba, ko bai kawo mata matashin da ya riga ya nuna alamar tauraro ba, ba sake gini ba ne, rushewa ce kawai.

Kuma akwai abin da lissafi ba ya kamawa. Milwaukee ƙaramin birni ne a ma'aunin NBA, manyan taurari ba sa zuwa can da ƙafarsu. Giannis, ɗan Charles da Veronica da suka bar Legas suka yi hijira zuwa Girka, a gurbi na 15 aka zaɓe shi a 2013, yaro siriri daga ƙaramar gasar Girka. Irin wannan dace ba a tsara shi. Lokacin da Kareem Abdul-Jabbar ya nemi a sake shi, aka tura shi Lakers a 1975, Milwaukee ta karɓi 'yan wasa huɗu, wasunsu sun yi mata aiki sosai, amma sai da ta jira 2021 kafin ta sake ganin wasan ƙarshe. Mutanen birnin sun san wannan tarihi sarai.

Don haka ga matsayina. Riƙe Giannis daidai ne muddin shi bai ce zai tafi ba, kuma ban yarda a tura mutumin da ya kawo kofi bayan shekara 50 ba alhali yana kan ganiyarsa. Idan kuwa ka yanke za ka riƙe shi, ba za ka dube shi ka ce ya zubar da kaka guda yana jiran agarar wani ta warke ba. Ta wannan fuska na fahimci sallamar Lillard, har ina ganin ita ce mafi ƙarancin muni cikin hanyoyin da ke gabansu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ta mayar da su masu neman kofi. Ta sa sun ci gaba da zama ƙungiyar da za a ji tsoron haɗuwa da ita, amma tsakaninsu da Oklahoma akwai tazara.

A hutun 2025, komai ya rataya ne a kan sa hannun mutum ɗaya. Kwantiragin Giannis yana da tabbas har ƙarshen kakar 2026-27, shekarar da ke biye kuma zaɓinsa ce, yana iya ƙin ta ya fita kyauta a 2027. Daga Oktoban 2026 zai iya ƙara wa'adi. Idan ya sa hannu, kuɗin Lillard zai zama harajin da aka biya don a riƙe shi, kamar yadda aka biya a 2020 da 2023. Idan ya nuna ba zai sa ba, dole Horst ya yi ciniki kafin Giannis ya tafi ya bar su hannu rabbana, kuma a teburin wannan ciniki dole a nemi hanyar sa Portland a ciki. Kafin nan, abin da nake roƙo kada su taɓa shi ne gurbin 2031 ko 2032. Shi kaɗai ya rage, kuma duk ƙungiyar da za su kira a waya shi za ta fara tambaya. Idan ba ɗan wasan da zai riƙe ƙwallo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Giannis na shekaru uku ko huɗu aka samu ba, a bar shi a aljihu.